Makullin sitiyarin Corvette C5 da na'urar da ake kewaye shi da ita: tambayoyi da amsoshi

An tara waɗannan tambayoyi ne domin masu motar Chevrolet Corvette zubi na biyar, wadda aka fi sani da C5, da kuma masu gyaran lantarkin mota da irinta kan faɗo hannunsu. Duk abin da ke ƙasa ya shafi mutumin da motar tasa ce kuma mabuɗinta na hannunsa, domin aikin ba ya yiwuwa sai da mabuɗin.

Wace mota ce wannan, kuma me ya sa maganar makullin sitiyari ta fi yawa a kanta?

Kamfanin General Motors ya ƙera C5 a masana'antarsa da ke Bowling Green a jihar Kentucky ta Amurka, a zubin shekarun 1997 zuwa 2004. Mota ce mai kujera biyu, mai injin LS1 na silinda takwas da girman lita 5.7, kuma har yau masu son motar gudu suna riƙe da ita da daraja. A tsofaffin motoci, makullin sitiyari ƙarfe ne kawai da ke haɗe da ramin mabuɗi, idan ka murɗa mabuɗi ka janye shi da ƙarfin hannunka. A C5 kuwa ramin mabuɗin yana jikin dashbod, nesa da sandar sitiyari, saboda haka aka ɗora wa wutar lantarki da kwamfuta nauyin kullewa da buɗewa. Daga nan matsalar ta samo asali, domin abin da hannu ke yi ba tare da kuskure ba ya koma hannun ƙaramar mota ta lantarki, wato ɗan injin da wuta ke juyawa, da maɓalli, da wayoyi, da batirin da ƙarfinsa ke hawa yana sauka.

Yaya makullin yake aiki a cikin sandar sitiyari?

A jikin sandar akwai wani faifan ƙarfe mai gibi-gibi a gefensa, wanda ke juyawa tare da sitiyari. Kusa da shi akwai ƙaramar motar lantarki da ke tura wani sandan ƙarfe gajere, kamar sakata. Idan direba ya kashe mota ya zare mabuɗi, kwamfutar da ke kula da jikin mota, wadda ake kira BCM, takan aika wuta ga wannan ƙaramar mota, sakatar ta fito ta shiga ɗaya daga cikin gibin faifan, sitiyari ya tsaya cik. Idan aka mayar da mabuɗi aka murɗa, sai kwamfutar ta juya wutar, ƙaramar motar ta juya baya, sakatar ta koma ramin ta. Wanda ya kasa kunne a cikin mota, ƙofofi a rufe, rediyo a kashe, zai ji wani ɗan gajeren ƙugi daga ƙarƙashin sitiyari wanda bai wuce daƙiƙa guda ba. Wannan ƙugin shi ne sakatar ke tafiya.

Sai dai kwamfutar ba ta ganin sakatar da idonta. Tana dogara ne da wani ɗan maɓalli a cikin makullin, wanda ke ba ta labari ta waya cewa an kulle ko an buɗe. Idan ta ba da umarnin buɗewa amma labarin da ya dawo mata bai yi daidai da umarnin ba, sai ta ɗauka cewa sitiyari a kulle yake, ta sanar da kwamfutar inji, wato PCM, ita kuma ta yanke mai da zarar motar ta kai gudun kimanin mil 2 a awa, wato kusan kilomita 3. Hikimar hakan a bayyane take, domin babu wanda zai so mota mai ƙarfin doki sama da 340 ta hau titi alhali sitiyarinta ba ya juyawa. Illar kuma ita ce kwamfutar takan yanke man ko da sitiyarin a buɗe yake, muddin labarin da ta samu ya rikice.

Waɗanne alamomi ne ke nuna cewa matsalar ta fara?

Alama ta farko takan zo ne a rubuce a ɗan allon bayanai da ke ƙarƙashin agogunan dashbod, da Turanci: "PULL KEY WAIT 10 SECONDS", ma'ana a zare mabuɗi a jira daƙiƙa 10. Sau da yawa idan an yi hakan motar takan tashi lafiya, shi ya sa mutane da yawa ke raina saƙon har ya zame musu jiki. Idan abin ya ci gaba, sai saƙo na biyu ya bayyana, "SERVICE COLUMN LOCK", wato makullin na bukatar gyara. Daga nan ɗaya daga cikin abubuwa biyu ke faruwa. Ko dai injin ya tashi amma sitiyari ya ƙi motsi, ko kuma sitiyari na juyawa sarai amma da zarar an saki kuloci motar ta fara gangarawa sai injin ya mutu, a sake tayarwa ya yi sulo lafiya lau, a sake motsawa ya sake mutuwa. Haka nan idan ƙugin nan ya canza, ya zama mai jan jiki kamar abin da ya gaji, ko kuma aka daina jin sa baki ɗaya a motar da ba a taɓa yi wa gyara ba, to ya kamata a ɗauki hakan da muhimmanci.

Saƙon ya fito mini. In sayi na'urar nan take?

A fara auna batir tukuna. Wannan ita ce shawarar da aka fi tsallakewa, kuma ita ce ta fi kowace muhimmanci, domin kaso mai yawa na rikicin makullin nan raunin wuta ne ke haddasa shi. Batirin da ya cika, bayan ya huta na wasu awanni, yakan nuna kimanin volt 12.6 a mita. Idan ya sauka ƙasa da 12.4 ya fara rauni, kuma abin da ke ruɗin mutane shi ne irin wannan batirin yana iya juya injin ya tayar da shi, amma a daidai lokacin da aka murɗa mabuɗi wutar takan faɗi ƙasa sosai, ƙaramar motar makullin ta kasa kammala tafiyarta, kwamfuta kuma ta rikice. C5 mota ce da mutane da yawa ke ajiyewa a gareji tsawon lokacin sanyi ko kuma su fito da ita a ƙarshen mako kaɗai, alhali kwamfutocinta na shan wuta kaɗan-kaɗan ko tana kashe, saboda haka batirinta ya fi na motar yau da kullum saurin yin sanyi.

A auna wutar a kan kawunan batirin kai tsaye da mita, kada a dogara da lambar da dashbod ke nunawa, domin wannan lambar ta riga ta ratsa wayoyi da maɓallin mabuɗi kafin ta iso. Bayan an tayar da inji, altaneta mai lafiya takan ba da tsakanin volt 13.5 da 14.5. A duba kawunan batirin ko sun yi farin gishiri ko sun saki, a duba wuraren da aka ɗaure wayoyin ƙasa da jikin shasi ko sun yi tsatsa, sannan a tuna cewa maɓallin da ke bayan ramin mabuɗi yakan yi baƙin ƙuna a bakin ƙarafunansa idan ya tsufa, ya riƙa rage wutar da ke wucewa. A ɗaga kafet ɗin gefen fasinja kuma a taɓa, domin BCM a can take zaune a bayan allon da fasinja ke ɗora ƙafa, kuma idan bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota ya toshe, ruwan kan gangaro wurin. Na'urar kewaye ba ta gyara mataccen batir, ba ta kuma busar da jiƙaƙƙiyar kwamfuta.

To mece ce ainihin na'urar kewaye makullin, kuma me take yi?

Ɗan ƙaramin akwati ne da bai kai tafin hannu ba, mai filogi irin na makullin asali, kuma a kasuwa an fi sanin sa da haruffan CLB. Ana zare filogin makullin daga wayar mota a lokacin da sakatar take a janye, sai a cusa wannan akwati a madadinsa. A cikinsa akwai rile, wato ɗan maɓallin da wuta ke sarrafawa, mai riƙe matsayinsa. Idan kwamfuta ta aiko da wutar kullewa, rilen ya koma gefe guda ya amsa mata cewa an kulle, idan ta aiko da ta buɗewa ya dawo ya amsa cewa an buɗe. Kwamfutar tana samun amsar da take jira a kowane lokaci, don haka ba ta da dalilin yanke mai, ita kuwa ƙaramar motar makullin an raba ta da wuta kwata-kwata, sakatar ta zauna a raminta ba ta sake fitowa. Ba a cire komai daga cikin sandar sitiyari, ba a yanke waya ko ɗaya.

Kowace C5 ce ke da wannan makulli?

A motocin da aka sayar a Amurka, masu giyar hannu duka sun fito da shi daga 1997 zuwa 2004. Masu giya otomatik sun fito da shi daga 1997 zuwa 2000, daga zubin 2001 kuma aka daina kulle musu sitiyari, tun da ba a iya zare mabuɗinsu sai giya na kan matsayin ajiye mota, wanda shi kansa kulle ne. A zubi na shida da ya biyo baya, wato C6, masu giyar hannu na 2005 sun zo da makullin lantarki, daga 2006 aka bar shi. Na'urar C5 ba ta shiga C6, kowace da tata.

Ai an yi kiranyen motocin a 2004. Wannan bai kashe maganar ba?

An yi. A shekarar 2004 General Motors ya yi kiranyen Corvette kusan 127,000 na zubin 1997 zuwa 2004, ƙarƙashin sa idon hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, wato NHTSA, kuma lambar kiranyen a wurin kamfanin ita ce 04006. Dalilin da aka bayar shi ne idan wutar da ke isa kwamfutar inji ta yi ƙasa ko ta katse, yanke man nan na iya ƙin faruwa, har a iya taka totur motar ta tafi da sitiyari a kulle. An sake fasalin umarnin gyaran fiye da sau ɗaya, shi ya sa motoci biyu na zubin shekara ɗaya ke iya kasancewa da gyara daban. Wasu an sabunta musu manhajar kwamfutar inji kawai domin yanke man ya tabbata. Wasu an ƙara musu wata gajeriyar waya mai ɗauke da rile, wadda masu motar ke kira waya mai harafin K. Wasu kuma an cire musu faifan nan mai gibi aka sa wanda sakata ba ta da inda za ta kama a jikinsa.

Abin lura shi ne manufar kiranyen ita ce hana mota tafiya da sitiyari a kulle, kuma ta wannan fuska gyara ne mai kyau da bai kamata a raina ba. Amma ko a motar da aka cire wa faifan, ƙaramar motar makullin da maɓallinta suna nan suna aiki, kwamfuta na nan tana jiran amsarsu, kuma ranar da amsar ta rikice za a yanke mai ko da yake sitiyarin ba zai ƙara kullewa ba har abada. Rilen da ke jikin wayar K shi ma yakan gaji. Wannan ne ya sa mutanen da aka yi wa motarsu kiranye suke sa na'urar kewaye duk da haka.

Domin sanin matsayin mota, a kai lambar shasinta mai haruffa da lambobi 17 wurin dillalin Chevrolet, wanda ke iya duba tarihin abin da aka yi mata. Akwai gwaji mai sauƙi a gida: a zare mabuɗi, a juya sitiyari a hankali hagu da dama. Idan ya kama, faifan na nan. Idan ya ci gaba da juyawa alhali an ji ƙugi, an cire faifan. Idan babu ƙugi kuma babu kamawa a motar da ta fito da makulli, mai yiwuwa wanda ya riƙe motar a baya ya riga ya sa na'urar.

Na ga iri biyu ana sayarwa. Mene ne bambancinsu?

Iri na farko shi ne wanda aka bayyana a sama, mai shiga ƙarƙashin sitiyari. Iri na biyu, wanda fitaccensa ake kira LMC5, ana haɗa shi ne a wurin BCM a gefen fasinja, ta hanyar zare wasu wayoyi daga filogin kwamfutar da ɗan tsinken ƙarfe a mayar da na na'urar a gurbinsu. Na farkon yana bukatar kwance robobin dashbod amma haɗinsa cusa filogi ne kawai, na biyun ba ya bukatar kwance robobi da yawa amma yana son hannu mai natsuwa da idon da ke bambance launin waya a wuri mai duhu. Wanda bai saba taɓa filogin kwamfuta ba, a ganina na farkon ya fi masa kwanciyar hankali.

Motata ba ta taɓa nuna saƙon ba. Akwai dalilin taɓa abin da bai lalace ba?

A nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Lokacin da ya fi dacewa a sa na'urar shi ne lokacin da makullin ke aiki lafiya, domin dukan aikin ya rataya ne a kan sharaɗi guda, wato sakatar ta kasance a janye a sa'ar da aka raba ta da wuta. A motar da ba ta da matsala, murɗa mabuɗi kawai ya isa ya cika wannan sharaɗi, aikin kuma ya ƙare cikin awa ɗaya ko biyu a inuwar gareji. A motar da makullinta ya riga ya maƙale a kulle, sai an fara lallashin sakatar ta koma, idan ta ƙi kuma sai an cire jakar iska da sitiyari an shiga cikin sandar. Ga wahalar janwe, domin motar da ƙafafunta na gaba suka kulle a karkace ba ta hawa bayan motar ɗauka da sauƙi, balle C5 da hancinta ke kusa da ƙasa. Mafi ƙarancin shekaru a cikin waɗannan motoci ta haura ashirin, man da aka shafa wa haƙoran makullin a masana'anta ya daɗe da bushewa, kuma abin ba ya zaɓen wuri, yana iya kamawa a gidan mai ko a wurin ajiye motoci mai nisa da gida.

Yaya ake sa irin na ƙarƙashin sitiyari?

Takardar da ta zo da na'urar ita ce gaba da duk wani bayani, wannan ma har da shi, domin masu ƙerawa sun ɗan bambanta a jerin matakai. Amma tsarin aikin ɗaya ne. Kayan da ake bukata kaɗan ne: sukuddireba mai bakin tauraro lamba T15, ƙananan soket, abin ɓamɓare roba wanda ba ya ƙarzar dashbod, tocila, da igiyar roba ta ɗaure waya.

Ana farawa da ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, ƙafafun gaba a miƙe, birkin hannu a ja, batir kuma a cike. Sai a kwance allon robar da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda gwiwar direba ke fuskanta. Wannan shi ne sashen da ya fi cin lokaci, domin wasu sukurorin a ɓoye suke: ɗaya a bayan maɓallan buɗe but da fitilar hazo a hagu, ɗaya a bayan ɗan ragar da ke kusa da ramin mabuɗi, sauran a ƙasa. Gefen allon na dama yana ƙarƙashin robar tsakiyar dashbod, saboda haka sai an sassauta ita ma. Robar da ta sha rana shekara da shekaru takan yi gautsi, a bi ta da haƙuri, idan wuri ya ƙi fita a ɗauka akwai sukurun da aka manta, kada a fizga. A motocin da na'urar sanyayawarsu ke daidaita kanta, akwai ɗan ma'aunin zafi maƙale da allon, a zare wayarsa kafin a ja allon waje.

Da allon ya fita, a kwanta a haska tocila a gefen sandar, za a ga filogi mai wayoyi huɗu da ke fitowa daga makullin, biyu na ƙaramar motar, biyu na maɓallin da ke kai labari. Idan an ga wata ƙarin waya mai ɗan akwatin rile an cusa ta tsakanin filogin da wayar mota, wannan ita ce wayar K ta kiranye, kuma dole a cire ta gaba ɗaya, domin idan aka bar ta tare da na'urar, su biyun za su riƙa ba kwamfuta labari mai karo da juna.

Daga nan sai matakin da ba ya son kuskure. A sa mabuɗi a murɗa shi zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da an tayar da inji ba, a saurari ƙugin, sannan a juya sitiyari hagu da dama sosai a tabbatar ya saku. Mabuɗin yana nan a kunne, a je akwatin fis da ke gefen ƙafar fasinja a zare fis ɗin BCM, wanda shi ne mai lamba 25, domin kwamfutar ta yi barci ta kasa aika umarnin kullewa. Sai a kashe mabuɗi, a zare filogin makullin, a cusa na'urar a ɓangaren wayar da ke zuwa daga mota har a ji ta yi ƙaras. Filogin da ke ɓangaren makullin ana barin sa a sake, a naɗe bakinsa, a ɗaure shi a gefe. Na'urar ita ma a ɗaure ta da kyau nesa da sandar da ke juyawa da kuma fedar birki da kuloci. A mayar da fis.

Kada a mayar da robobi sai an gwada. A kunna mabuɗi a kashe a zare, sau huɗu ko biyar, ana duba allo ko saƙo zai fito, ana kuma juya sitiyari bayan kowace zarewa domin a ga bai kama ba. Maimakon ƙugin da aka saba, ɗan ƙaras na rile za a ji. Sannan a tayar da inji a motsa motar a fili, a wuce gudun tafiyar ƙafa, a ga injin bai mutu ba.

Sitiyarin ya riga ya kulle. Me zan yi?

A fara da caja batir ya cika ko a sa wani mai lafiya, a zare fis na BCM na ɗan lokaci a mayar, a sake gwadawa. Idan an ajiye motar ƙafarta na dannan gefen kwalbati, nauyin yakan matse sakatar a cikin gibi, don haka a riƙa girgiza sitiyari hagu da dama yayin murɗa mabuɗi domin a sauke mata matsin. Idan hakan bai yi ba, yawancin na'urorin suna zuwa da wata waya ta dabam mai shiga ramin kunna sigari, wadda ake haɗawa da filogin makullin domin a ba ƙaramar motar wuta kai tsaye ta janye sakatar. Taɓawa ce ta ɗan lokaci kaɗan, ba a barin ta a haɗe. Idan an ji ƙugi sitiyari ya saku, sai a ci gaba da sa na'urar. Idan shiru, motar makullin ta mutu ko haƙoranta sun cije, aikin ya koma na bakanike.

Akwai haɗarin jakar iska a wannan aiki?

Akwai wayoyinta a wurin, kuma ana gane su da launin rawaya a filogi ko a rigar wayar. Ba a zare su, ba a soka musu mita ko fitilar gwaji. Sa na'urar ba ya bukatar taɓa su ko kaɗan. Duk aikin da zai kai ga cire sitiyari kuwa sai an cire kan batir an jira kamar yadda littafin gyaran motar ya tsara.

Na sa na'urar amma saƙon ya dawo. Ina kuskuren yake?

Motar da kanta tana iya faɗa. A kunna mabuɗi, a danne maɓallin OPTIONS a riƙe, a danna FUEL sau huɗu cikin daƙiƙa 10, allon zai fara jero lambobin matsala na kowace kwamfuta. A ƙarƙashin BCM, lambobi irin su B2587 da B2592 na layin makullin ne. Harafin C a ƙarshen lamba na nufin matsalar na nan yanzu, H kuma na nufin ta taɓa faruwa a baya. A rubuta su, a goge, a sake gwadawa a ga wadda ta dawo. Abubuwan da aka fi samu su ne wayar K da aka manta ba a cire ba, filogin da bai shiga har ƙarshe ba, fis da ya ƙone, ko rilen na'urar ya kasance a matsayin kulle alhali kwamfuta na zaton buɗe, wanda zare fis da mayarwa kan daidaita. Rauni a batir ma yana iya hana rilen juyawa, saboda haka a koma kan mita kafin a zargi na'urar.

Ba na sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ba kuwa? Kuma doka ta yarda?

Gaskiya ne an rage shinge guda, domin motar da sitiyarinta ke juyawa ta fi sauƙin turawa. Amma babban abin da ke hana tayar da C5 ba makullin sitiyari ba ne. Tsarin PASS-Key ne, wato ɗan baƙin ƙwayar da ke jikin mabuɗi, wadda kwamfuta ke auna ƙarfin tirjiyarta kafin ta yarda inji ya tashi, kuma na'urar kewaye ba ta taɓa wannan tsari ko kaɗan. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana iya ƙarawa da sandar ƙarfe da ake maƙalawa a sitiyari. Mai giyar hannu kuma ya riƙa barin mota a cikin giya da birkin hannu a ja.

Ta fuskar doka, ƙa'idar tarayya mai lamba 114 a Amurka ta wajabta wa masu ƙera mota cewa zare mabuɗi ya hana inji tashi, ya kuma hana ko dai juya sitiyari ko kuma motar ta tafi da kanta. Dokar tarayya ta kuma hana dillalai da garejin kasuwanci kashe kayan kariya da aka sa domin cika irin wannan ƙa'ida, hanin kuwa bai ambaci mai mota da ke aiki a kan motarsa ba, shi ya sa wasu gareji ke ƙin karɓar aikin. Dokokin binciken mota sun bambanta daga jiha zuwa jiha, wanda ke wata ƙasa kuma dokar ƙasarsa ce ke hawa kansa. Yana da kyau a sanar da kamfanin inshora a rubuce cewa an yi wannan canji.

Sakatar na iya zamewa ta fito ana cikin tafiya?

Sakatar ba ta tafiya sai ƙaramar motar ta juya haƙoran da ke tura ta, kuma an raba ƙaramar motar da wuta. Abin da ya kamata a tabbatar tun farko shi ne ta koma har ƙarshen raminta kafin a zare filogi. Idan bayan aikin ana jin ƙas-ƙas ko wani ɗan cijewa yayin juya sitiyari, alama ce bakinta na gogar faifan, kuma kada a hau titi da motar a haka. A mayar da filogin asali ko a yi amfani da wayar ramin sigari a janye ta sosai. Wanda ke son ya kawar da shakka baki ɗaya sai ya sa a cire faifan mai gibi kamar yadda aka yi a wasu motocin kiranye, ya haɗa da na'urar.

Idan na canza batir ko zan sayar da motar fa?

Canza batir ba ya ɓata komai, sai dai idan saƙon ya fito sau ɗaya bayan an haɗa sabon, a zare mabuɗi a jira daƙiƙa 10 a sake. Mayar da motar yadda take kuma zare na'urar ne da cusa filogin asali, ko da yake makullin da ya shekara biyar ko goma bai motsa ba yana iya ƙin tashi, ko ya kulle ya ƙi buɗewa, don haka a gwada shi a gida da wayar buɗewa a kusa. Wanda zai sayar ya gaya wa mai saye cewa akwai na'urar, ya nuna masa inda aka ɗaure ta, ya miƙa masa takardarta da wayar ramin sigari da wayar K da aka cire, domin duk mai gyaran da zai buɗe ƙarƙashin sitiyarin nan gaba ya san abin da yake kallo.